Gwajin Bi-da-bi a Makarantun Nijeriya: Waiwaye Daga 1969

Abin da muke son dubawa a wannan ƙasida shi ne yadda Nijeriya ta yi ƙoƙarin ɗaure koyarwa da koyo da auna fahimta da igiya guda, da kuma inda igiyar ta tsinke. Tsarin da muka gada daga Turawan mulkin mallaka ya ɗora komai bisa jarrabawa ɗaya ta ƙarshe, wadda Hukumar Jarrabawa ta Afirka ta Yamma, da aka kafa a 1952, take shiryawa. Yaro ya yi shekara biyar a sakandare, sa'an nan a yanke masa hukunci cikin 'yan makonni. Saboda haka malami ya kan koyar da abin da ya san za a tambaya ne kurum, ɗalibi kuwa ya haddace.

Wannan na cikin koke-koken da aka kai Taron Manhaja na Ƙasa a Legas cikin 1969. Shawarwarin taron ne wani zama na masana, ƙarƙashin Cif S. O. Adebo, ya tace a 1973, har suka zama Manufar Ilmi ta Ƙasa a 1977. Manufar ta kawo tsarin 6-3-3-4, wanda aka soma aiki da shi a 1982, ta kuma tanadi gwajin bi-da-bi, wato a riƙa auna yaro tun shigarsa makaranta har fitarsa. An ɗauko rabon da Benjamin Bloom da abokan aikinsa suka yi a Amurka cikin 1956: a duba sanin yaro, a duba ɗabi'unsa, a duba aikin hannunsa. A takarda dai, ɗalibi ya dawo tsakiyar fage.

A aji kuwa labari ya sha bamban. Shirin ilmin firamare kyauta na 1976 ya cika makarantu maƙil, aka horar da malamai cikin gaggawa, aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna a wannan shekara don cike giɓi. To, malamin da aka tara wa yara fiye da ƙima, yaushe zai lura da halin kowane ɗaya har ya rubuta? Abin da ya fi sauƙi shi ya yi: gwaji biyu ko uku a zango, dukansu na hadda. Aka yanyanka jarrabawar ƙarshe ƙanana-ƙanana aka sake mata suna. Darasin fasaha na ƙaramar sakandare ya fi ban takaici, domin injinan da aka sayo daga ƙasashen waje sun daɗe cikin akwatuna a makarantu da dama, ba wutar lantarki, ba ɗakin aiki. Yaron da aka ce za a auna gwanintar hannunsa sai ga shi yana zana zarto a takarda yana sa sunayen sassansa.

A ganinmu ba malamai ne kaɗai ke da laifi ba. Lokacin da aka fara jarrabawar kammala babbar sakandare a 1988, an ba makin makaranta wani kaso, amma kaso mafi tsoka ya zauna wurin jarrabawar waje, ita ce kuma iyaye da jami'o'i suke kallo. Wasu makarantun ma kumbura makin suka riƙa yi, har hukumomin jarrabawa suka koma daidaita shi da ma'auninsu kafin su karɓa. Sai a 1996 John Biggs ya fito da bayaninsa cewa ɗalibi yana koyon abin da yake zaton za a gwada shi a kai ne, don haka dole manufa da koyarwa da gwaji su fuskanci alƙibla ɗaya. Shekara 14 ke nan bayan soma tsarin 6-3-3-4, alhali malaman ƙaramar sakandare sun riga sun ga haka da idonsu.