Fansa: Tarihin Wata Kalma a Kan Iyakar Jibiya

1.0 Gabatarwa

Kalmar fansa tana cikin kalmomin da tarihi ya ɗora wa nauyi a bakin Bahaushe. Ma'anarta ita ce bayar da dukiya domin a kuɓutar da wanda ke hannun wani, bawa ne ko kamamme. A wannan maƙala za a bi sawun wannan al'ada a yankin Jibiya, watau kan iyakar Katsina da Maraɗi, sannan a kwatanta ta da koyarwar Yahudawa, waɗanda malamansu suka daɗe da shimfiɗa ƙa'idoji a kan al'amarin. Abin da ake son nunawa shi ne, a da fansa wajibi ce da ke wuyan jama'a baki ɗaya, kuma tana da dokokinta.

2.0 Tsakanin Katsina da Maraɗi

Bayan da masu jihadi suka ci Birnin Katsina a 1807, sarakunan Haɓe suka yi arewa, har Ɗan Kasawa ya kafa mazauni a Maraɗi wajen 1819. Daga nan aka shiga zaman ɗar-ɗar na kusan shekara tamanin. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karya rundunar Maraɗi da Gobir a Gawakuke cikin 1836, amma hare-hare ba su tsaya ba, musamman a zamanin Ɗan Baskore. Ƙasar da Jibiya take a yau tana tsakiyar wannan fage, kuma ta dazuzzukan yankin, irin su dajin Ruma, mahara suke bi. Ɓangarorin biyu duk suna kama mutane, alhali kuwa yawancin kamammun Musulmi ne, Hausawa ne, wani lokaci ma dangin juna ne.

Malamai ba su yi shiru a kan wannan ba. Tun a 1615 Ahmad Baba na Tumbuktu ya lissafa Katsina cikin ƙasashen Musulmi waɗanda bai halatta a bautar da mutanensu ba, kuma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya haramta bautar da 'ya'yan Musulmi. A fiƙihun Malikiyya an jera waɗanda nauyin fansar kamamme ke kansu: da farko baitulmali, idan ya gaza sai dukiyar Musulmi, daga ƙarshe sai ta kamammen da kansa. Daɗin daɗawa, 'yanta wuyaye yana cikin wurare takwas da ake sarrafa zakka. A aikace dai dangi ne suka fi ɗaukar nauyin. Sukan tara kuɗin wuri da tufafi, su nemi wani falke amintacce da ke shiga ɓangarorin biyu ya yi cigiya, ya yi ciniki. Shi kuwa bawan da ya daɗe a gida yana iya neman murgu, watau ya riƙa biyan ubangijinsa wani abu yana sana'ar kansa, har ya tara abin fansar kai.

Zuwan Turawa ya sauya fagen. Yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1898 da 1904 da 1906 suka ja layin da ya raba Katsina da Maraɗi. Dokar Lugga ta 1901 ta 'yanta duk ɗan da aka haifa daga watan Afrilun shekarar, amma sai 1936 aka soke bauta ɗungurungum a Nijeriya ta Arewa. A tsakanin nan, bayi da yawa ta hanyar fansar kai a gaban alƙali suka sami 'yanci.

3.0 Koyarwar Yahudawa

Tushen koyarwar Yahudawa a nan shi ne labarin fitar Bani Isra'ila daga hannun Fir'auna, wanda suke tunawa kowace shekara a idinsu na Ƙetarewa. Hujjarsu ita ce, wanda aka taɓa bautar da kakanninsa bai kamata ya manta da wanda ke cikin ƙangi ba. Attaura ta umarta a saki bawa Ba'ibrane a shekara ta bakwai, ta kuma hana a sallame shi hannu banza. Dole a ba shi guzuri daga garke da rumbu.

Fansar kamammu a Ibrananci sunanta pidyon shevuyim. Musa bin Maimun, wanda aka haifa a Ƙurɗuba ta Andalus ya rasu a Masar a 1204, ya fifita ta a kan ciyar da matalauta da tufatar da su, saboda kamamme ya haɗa yunwa da ƙishirwa da tsiraici, ga kuma haɗarin rasa rai. Wasiƙun da aka tono a ɗakin ajiyar wata tsohuwar majami'a a Alƙahira sun nuna yadda jama'ar garuruwa ke haɗa karo-karo su fanshi waɗanda 'yan fashin teku suka kawo Iskandariyya, kuma akwai farashi sananne: dinari ɗari a kan mutum uku.

Amma akwai ɗaya gefen. Littafin Mishna, wanda aka tattara wajen shekara ta 200, ya hana a fanshi kamamme da abin da ya wuce kimarsa, domin maslahar jama'a. Ɗaya daga cikin dalilan da malamansu suka bayar shi ne, tsadar fansa takan kwaɗaitar da mahara su ƙara kamu. An ruwaito cewa saboda haka ne babban malaminsu Meyir na Rotenbag a Jamus, wanda aka tsare a 1286, ya hana a biya maƙudan kuɗin da aka nema, har ya rasu a tsare a 1293.

Malamansu na wannan zamani sun faɗaɗa ma'anar bauta ta haɗa da jarabar shaye-shaye. Fitacce a cikinsu shi ne Abraham Twerski, malamin addini kuma likitan ƙwaƙwalwa, wanda ya kafa gidan gyaran mashaya a Amurka a 1972. A ganinsu mashayi kamamme ne da ya rasa ikon zaɓi, don haka kuɓutar da shi wajibi ne.

4.0 Jibiya a Yau

Duk wanda ya san Jibiya ya san kalmar fansa ta dawo bakin mutane da ɗacinta. Dazuzzukan da mahara suka bi a ƙarni na 19 su ne mafakar masu garkuwa da mutane, har gwamnatin Katsina ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure a 2021. Bambancin shi ne, yanzu magidanci shi kaɗai yake sayar da gona da shanu, ba baitulmali, ba iyakar farashi, kuma kowane biya yana zama jarin kamu na gaba. Wannan shi ne ainihin abin da Mishna ta hango.

Sai kuma ɗaya bautar. Ƙwayoyi irin su tiramadol suna cikin kayan da ake fasa-ƙwaurinsu ta kan iyakar Nijeriya da Nijar, duk da kafa hukumar NDLEA a 1989 da hana shigowa da maganin tari mai kodin a 2018. Saurayin da ƙwaya ta kama sau da yawa sai a kore shi daga gida, ko a ɗaure shi da mari, ko kuwa a sallame shi daga gidan gyara ba sana'a ba jari. Hikimar guzurin da Attaura ta wajabta, da hikimar murgu da ke koya wa bawa neman na kansa kafin ya fita, duk abu ɗaya suke nunawa: wanda aka saka hannu banza, ƙangi zai koma.

5.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa fiƙihun Malikiyya da dokar Yahudawa sun haɗu a kan cewa kuɓutar da kamamme nauyin jama'a ne, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yahudawa sun ƙara da jan kunne game da farashi, da kuma batun guzuri. Ya rage ga malamai da masu riƙe da dukiyar zakka a Katsina da Maraɗi su zauna su tattauna ko kason 'yanta wuyaye zai iya ɗaukar nauyin farfaɗo da waɗanda suka kuɓuto daga daji, da jinyar mashaya da koya musu sana'a. Littattafan da za a duba suna nan a zaurukanmu.