Vulcan Foundry: Masana'antar Ingila da ta ƙera wa Najeriya kawunan jirgin ƙasa

A shekarar 1832 aka buɗe masana'antar a garin Newton-le-Willows wanda a lokacin yake cikin yankin Lancashire na Ingila, da sunan Charles Tayleur and Company. Robert Stephenson, ɗan George Stephenson da ake wa laƙabi da uban layin dogo, ya taɓa zama abokin hannun jari a cikinta. A 1847 ta koma amsa sunan Vulcan Foundry.

Sana'arta ita ce ƙera kan jirgi mai aiki da tururi. Ana zuba kwal a murhu, wuta ta tafasa ruwan tukunya, tururin ya tura sandunan da ke juya ƙafafu. Kasuwarta kuwa ta bi sawun daular Birtaniya, har ta zarce. Ita ta ƙera kawunan da aka buɗe layin Bombay zuwa Thane da su a Indiya a 1853, da kuma kan jirgi mai lamba ɗaya na Japan a 1871.

A Najeriya an fi saninta da rukunin River, wanda ta fara kawowa a 1948. Kowane kai na ɗauke da sunan wani kogi, kuma an tsara murhunsa don cin kwal ɗin Inugu. Ma'ana, makamashin na gida ne, amma ƙira da riba na Ingila.

Kafin zuwan wannan rukuni, dogo ya riga ya isa Kano a 1911. Reshen da ya tashi daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau, ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929. Nan ya tsaya har yau. Bai kai Sakkwato ba, bai taɓa Maradun, Talata Mafara ko Bakura ba, duk da albarkar noman da ke kwarin. Manomin waɗannan garuruwa sai ya ɗora audugarsa da gyaɗarsa a kan jaki ko raƙumi, daga baya a mota, zuwa tashar Gusau ko ta Ƙaura. Ba don haɗa garuruwan Zamfara da juna aka shimfiɗa dogon ba. An yi shi ne don kwasar amfanin gona zuwa tashar ruwa ta Legas. Abin lura, Lancashire da ke ƙera kan jirgin ita ce cibiyar masaƙun da ke jiran audugar.

Zuwan injin dizil ya kawo ƙarshen zamanin tururi. A 1955, shekarar da aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya, kamfanin English Electric ya haɗiye Vulcan, kuma ba da jimawa ba ta daina ƙera kai mai tururi. An rufe masana'antar a 2002, aka rushe ta, aka gina gidajen kwana a filinta.