JIRGIN GIWA DA ZAMANMU A YARWA: YADDA YA ZO DA YADDA YA JANYE

Duk wanda ya zauna a garin nan na Maiduguri shekaru arba'in da suka wuce, ba zai manta da hoton giwar nan mai fukafukai ba, wadda ke jikin jiragen kamfanin Nigeria Airways. Yaranmu da suka taso yanzu ba su san ta ba, in ma an ba su labari sai su yi dariya, wai ina giwa ina tashi sama. To, ganin haka ne ya sa muka ga ya kamata mu ajiye wannan tarihi a rubuce, domin mu da iyayenmu suka baro Kano da Katsina da Zazzau da Sakkwato da Damagaram suka zauna a ƙasar Shehu, maganar hanya ba ƙaramar magana ba ce a gare mu. Hausawa na cewa zumunta a ƙafa take. Idan kuwa tafiya ta yi wuya, zumunta ce ke fara jin jiki.

Bari mu fara daga tushe. Mutane da yawa ba su san cewa Yarwa na cikin garuruwan farko da suka ga jirgin sama a Nijeriya ba. A shekarar 1925 wasu jirage 3 na sojan saman Ingila suka taso daga Masar, suka bi ta Sudan da Cadi, suka yada zango a Maiduguri, sannan suka isa Kano ranar 1 ga Nuwamba. Abin sha'awa a nan shi ne, hanyar da suka biyo ita ce dai tsohuwar hanyar alhazai, wadda kakanninmu ke bi a ƙasa da jakuna da raƙuma, ta Dikwa da Fotlami, wato Injamena ta yau, har zuwa Hartum. Da yawa daga cikin gidajen Hausari da Zango asalinsu ke nan, mutum ya fito da niyyar Makka ko fatauci, guzuri ya ƙare ko kasuwa ta karɓe shi, sai ya zauna, ya yi aure, ya hayayyafa.

A 1936 kamfanin Imperial Airways na Ingila ya buɗe hanyar ɗaukar wasiƙu daga Hartum zuwa Kano, kuma Maiduguri na cikin zangonninta. Da aka shiga Yaƙin Duniya na Biyu sai filin ya ƙara muhimmanci, domin jiragen yaƙin da ake haɗawa a Takoradi ta ƙasar Gwalkwas ta nan suke bi, su sha mai, su wuce Alƙahira. Wato a wancan zamani garin nan ba ƙarshen hanya ba ne, tsakiyarta ne.

Bayan yaƙi, a 1946, aka kafa kamfanin haɗin gwiwa mai suna WAAC tsakanin Nijeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya. Da Gana ta sami 'yancin kai ta ware, sai Nijeriya ta kafa nata a 1958, tare da hannun jarin kamfanonin BOAC da Elder Dempster. A 1961 gwamnati ta saye hannun jarin duka, a 1971 kuma aka tabbatar masa da sunan Nigeria Airways. A daidai wannan tsakani ne Maiduguri ita ma ke bunƙasa. Jirgin ƙasa ya iso a 1964, garin ya zama hedkwatar Jihar Arewa Maso Gabas a 1967, aka kafa jami'a a 1975. Kuɗin man fetur ya shigo, kamfanin ya sayi jiragen Fokker da Boeing 737 don zirga-zirgar cikin gida, har ya kai ga mallakar jirage kusan 30 a farkon shekarun 1980.

To, me wannan ya amfana mana? Gaskiya ɗaya ce, ba kowa ke hawa jirgi ba ko a lokacin. Mai sayar da goro a Kasuwar Litinin ko mai ɗaurin banda a hanyar Baga, motar Tashar Kano ya sani. Amma ko wanda bai taɓa taka matakalar jirgi ba ya ci moriyarsa. Daga nan zuwa Kano tafiyar kusan kilomita 600 ce, zuwa Ikko kuwa ta haura 1,500. Jirgi ya mai da tafiyar Kano ta sa'a guda, ta Ikko kuma ta wuni ɗaya ko ƙasa da haka. Ɗan kasuwa ya tafi Ikko ya ga kayansa a tashar jirgin ruwa ya dawo cikin kwana biyu. Marar lafiyar da ba zai iya jure gargadar hanya ba a kai shi Kaduna ko Ikko. Wasiƙa da jarida da magani su iso da wuri. Sai kuma babban abin da ya fi taɓa zuciyar ɗan ci-rani da ɗan zaune baki ɗaya, wato saƙon rasuwa. Mu ba ma ajiye gawa. Idan waya ta zo da dare cewa tsohuwa ta cika a Kano, wanda ke da hali yakan sa ran jirgi ya kai shi ko da bai sami jana'iza ba ya sami zaman makoki tun ranar farko, a gan shi cikin 'yan'uwa.

Dalilin da ya sa jirgin ke zuwa nan shi ne abin lura. Kamfani ne na gwamnati, an ɗora masa nauyin haɗa manyan garuruwan jihohi, ko kujeru sun cika ko ba su cika ba. Ribar da ake samu a hanyar Landan da Jidda da Ikko zuwa Kano ita ake sa ran ta rufe asarar hanyoyi masu nisa irin na Maiduguri da Yola da Sakkwato. Muddin uwar tana da nono, 'ya'yan na nesa ma suna sha.

Sai dai tun ana ganiyar daɗi ɓaraka ta fara. Jaridun lokacin sun cika da labarin yadda ake sayar da tikiti fiye da yawan kujeru, har fasinja su riƙa tsere a filin Ikeja, mai babbar riga ya tattare ta ya sheƙa, wanda ya riga ya zauna. Ma'aikata sun yi yawa, shugabanni kuma ba sa daɗewa, kowace gwamnati ta zo da nata. Ma'aikatun gwamnati su hau bashi, biya ya gagara. An ɗauko kamfanin KLM na Holan ya riƙe ragamar daga 1979 zuwa 1981, da suka tafi aka koma gidan jiya. Da gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin SAP a 1986, darajar naira ta faɗi, sai abin ya zama gaba kura baya sayaki. Kamfanin na karɓar kuɗin tikiti da naira, alhali kayan gyara da inshora da bashin jirage duk da dala ake biya. A 1987 ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta dakatar da shi daga tsarin biyan kuɗi na tsakanin kamfanoni saboda bashi. A 1988 kuma ya dakatar da zuwa wasu biranen Afirka, cikinsu har da Kwatano da Dakar da Duwala da Kinshasa da Manrobiya da Nairobi, ya kuma sallami dubban ma'aikata.

Wannan janyewa ta taɓa mu kai tsaye, domin a kusan duk waɗannan garuruwa akwai zangon Hausawa, akwai 'yan'uwa da abokan ciniki. Mai zuwa Duwala sai ya koma bin Banki da Marwa da Garwa, ya kama jirgin ƙasa a Ngaundare. Mai saro atamfa a Kwatano sai ya sauka Ikko ya bi mota ta kan iyaka, ya sha tambaya a kowane shinge.

A cikin gida kuwa ba rana ɗaya aka yi sallama ba. Jirage ne suka riƙa lalacewa ɗaya bayan ɗaya, babu kuɗin gyara, waɗanda suka rage sai a tura su inda ciniki ya fi. Kowa ya san idan bargo ya gaza, ƙafa ce ke kwana a waje, mu kuwa mu ne ƙafar. Jirgin kullum ya koma na wasu ranaku, na wasu ranakun ya koma sai an gani. Mutum ya wuce Bulunkutu da sassafe da jakarsa, ya wuni a fili, da la'asar a ce masa sai gobe.

Gwamnati ta buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa, kuma a nan dole mu yaba wa namu. Kabo Air na Alhaji Muhammadu Ɗankabo, da Chanchangi na Alhaji Ahmadu Chanchangi, da IRS na gidan Isyaka Rabi'u, da Albarka Air na Janar Buba Marwa, duk sun taka rawa wajen riƙe sufurin sama a Arewa. Amma ɗan kasuwa ɗan kasuwa ne, ba wanda ya ɗora masa nauyin haɗa ƙasa. Ranar da lissafi bai fita ba zai kwashe jirginsa, kuma ba za a ce ya yi laifi ba. Kuɗin tikiti ya fi ƙarfin malamin makaranta da matsakaicin ɗan kasuwa waɗanda a da sukan taɓa. Ga jirgin ƙasa shi ma ya durƙushe a daidai lokacin. Kowa sai ya koma kan kwalta, Damaturu, Potiskum, Azare, Wudil, ga ramuka, ga haɗari, ga 'yan fashi. A 2003 Nigeria Airways ya daina tashi gaba ɗaya, a 2004 gwamnatin Obasanjo ta rushe shi. Tsofaffin ma'aikatansa sun yi shekaru suna bin haƙƙinsu, wasu sun mutu ba su karɓa ba, sai a 2018 gwamnatin Buhari ta amince a fara biyan wani kaso.

Ba mu gane girman rashin ba sai da fitinar Boko Haram ta rufe hanyoyi. Bayan harin da aka kai wa sansanin sojan sama ranar 2 ga Disamba 2013, jiragen fasinja suka daina sauka a Maiduguri, ba su dawo ba sai a tsakiyar 2015. A 2014 har masu niyyar Umara sai da suka bi mota zuwa Kano kafin su tashi. Hanyar Damaturu ce kaɗai ta rage, ita ma kowa ya san abin da ya faru a Benisheik a 2013 da Auno a 2020. Gidaje nawa ne a Hausari aka yi rasuwa a Kano ko Katsina, sai dai gaisuwa ta waya? 'Yan mata nawa aka ɗaura wa aure babu kawu babu gwaggo? Garin da ya ga jirgi tun 1925 ya wayi gari kamar tsibiri.

Yau alhamdu lillahi jirage masu zaman kansu suna sauka, an kuma sa wa filin sunan Muhammadu Buhari a 2023. Yunƙurin kafa sabon kamfanin ƙasa mai suna Nigeria Air, wanda aka sanar a 2018, bai kai ga ɗaukar fasinja ba aka dakatar da shi.

Ba muna cewa a dawo da giwa da duk ciwon da ya kashe ta ba ne. Abin da muke roƙon wakilanmu da shugabanninmu shi ne, duk ranar da aka zauna tsara sufurin sama, ko na gwamnati ne ko na 'yan kasuwa, a rubuta a fili wanda zai ɗauki nauyin hanyoyin nesa idan riba ta yi ƙaranci. Mun ga abin da ya faru da aka bar maganar a baki. Mu kuma a namu ɓangaren, kada wuyar hanya ta sa 'ya'yanmu su tashi ba su san ƙofar gidan kakanninsu ba. Allah ya kiyaye matafiya, ya zaunar da Barno da Nijeriya lafiya, amin.