Daga Takardar Sallama Zuwa Home Depot

Ni da na dogara ga albashi, wannan tarihi ya daɗe yana sa ni tunani. A 1978 aka sallami Bernie Marcus da Arthur Blank daga wani kamfanin sayar da kayan gyaran gida a Amurka. Ba su zauna zaman makoki ba. Suka samo jari ta hannun Ken Langone, suka buɗe manyan shaguna 2 a Atlanta a 1979. Dabararsu ita ce araha, da ɗaukar kafintoci da masu gyaran famfo su koya wa mai saye yadda zai gyara gidansa da kansa. A 1981 suka fara sayar da hannun jari. Yau shagunan sun haura 2,000. Lalle wani hanin ga Allah baiwa ne.