Shekarar Manomi a Ajin Share Fage: Amfani da Lokutan Shekara wajen Koyar da Ƙirga da Rubutu a Ƙasar Hausa

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda za a ci moriyar lokutan shekara huɗu na ƙasar Hausa, wato damina da kaka da hunturu da bazara, wajen koyar da ƙirga da rubutu a ajin share fagen shiga firamare. An kafa hujja da binciken masana kan yadda yaro ke fahimtar lamba da yadda rubutun hannu ke shirya shi ga karatu, sannan aka auna hakan da kayan da kowane lokaci ke samarwa da kuma jadawalin zangunan karatu. Matsayar maƙalar ita ce, kayan aiki su ne za su riƙa sauyawa tare da lokaci, matakan koyo kuwa su tsaya daram a jerinsu. An kuma amsa suka iri uku da za a iya yi wa wannan matsaya.

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1840 Friedrich Fröbel ya raɗa wa makarantarsa ta ƙananan yara da ke Bad Blankenburg a Jamus suna Kindergarten, ma'ana lambun yara, ya kuma ware wa yaran 'yan fangalolin da za su yi shuka da hannunsu. Tun daga wancan lokaci jingina darasi da yanayin shekara ya zama al'adar irin wannan aji a Turai da Amurka, inda ake ƙirga kabewa da busasshen ganye in sanyi ya gabato, a zana dusar ƙanƙara in ya kankama. Hikimar abin ita ce yaro ya tarar a aji da abin da ya gani a hanya. Idan aka kwaso waɗannan hotuna yadda suke aka ajiye a gaban yaron Gumel ko na Maraɗi, hikimar ta kuɓuce, domin an sa shi ƙirga abin da bai taɓa gani ba, sau da yawa kuma da harshen da ba ya ji.

A Nijeriya, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta shigar da kula da ƙananan yara cikin ilimin tushe, sannan bugun 2013 na Manufar Ilimi ta Ƙasa ya tanadi shekara guda ta share fage ga ɗan shekara biyar, ajin da jama'a ke kira rabin aji. Manufar ta nemi a koyar ta hanyar wasa, da harshen gida ko na muhalli, malami ɗaya ga yara 25. Abin da ya rage wa malamin shi ne sanin da me zai koyar, a ajin da galibi allo da alli kawai ya mallaka. Amsar da wannan maƙala ke bayarwa tana cikin shekarar manomi.

2.0 Abin da Bincike ya Tabbatar

A 2007 Greg Duncan da abokan aikinsa sun haɗa bayanan manyan bincike shida da suka bibiyi yara a Amurka da Kanada da Birtaniya, suka gano cewa ƙwarewar lissafi da yaro ya shiga makaranta da ita ce ta fi nuna yadda karatunsa zai kasance nan gaba, sai ƙwarewar karatu, sai iya mayar da hankali. Wannan ƙwarewa ta wuce rera lambobi. Rochel Gelman da C. R. Gallistel sun bayyana a 1978 cewa ƙirga ta gaskiya tana tsaye ne a kan ƙa'idoji biyar: kowane abu lamba ɗaya, lambobi su zo a jerinsu, lambar ƙarshe ita ce adadin tarin, kowane irin abu yana ƙirguwa, kuma ta duk inda aka faro adadin ba ya sauyawa. Yaron da ke rera ɗaya zuwa hamsin, amma aka ce ya miƙo tsakuwa shida ya ɗebo cikin hannu, ya samu ƙa'ida ta biyu ne kawai. Sauran huɗun sai da abin taɓawa ake samunsu, kuma ta huɗu tana buƙatar abubuwan su riƙa bambanta, yau tsakuwa gobe kara, har yaro ya gane cewa shida shida ce ko a jikin me ta hau.

Harshe ma yana da nasa rabo. Binciken Kevin Miller da abokansa na 1995 ya nuna cewa yaran Sin da na Amurka kusan kunnen doki suke wajen ƙirga zuwa goma, daga nan yaran Sin ke yin gaba, saboda sunayen lambobinsu suna fallasa ginin goma a fili. Hausa tana da irin wannan falala daga goma sha ɗaya zuwa goma sha tara, inda sunan kansa ke faɗin cewa goma ce aka yi wa ƙari. Falalar tana yankewa a ashirin da talatin da arba'in, kalmomin aro daga Larabci da suka maye gurbin gomiya biyu da gomiya uku da gomiya huɗu. A nan ne yaro Bahaushe ya fi buƙatar ganin goma a ɗaure da idonsa.

Ta fuskar rubutu, Karin James da Laura Engelhardt sun gwada yara 'yan shekara biyar a 2012. Yaran sun rubuta harufa da hannunsu, sun bi sawun waɗansu da aka zana musu, sun kuma danna waɗansu a kwamfuta. Da aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu suna kallon harufa, sassan da ke aiki lokacin karatu sun fi motsawa bayan rubutun da yaro ya yi da kansa. Abin lura a nan shi ne hannun yaro ya ƙirƙiri siffar harafin, ko da karkatacciya ce, kuma ya maimaita sau da yawa. Yatsa a kan rairayi yana ba da damar maimaici ba tare da ƙarar da takarda ba, kuma Maria Montessori, wadda ta buɗe gidan yaranta na farko a Rum a 1907, ta gina koyar da rubutu ne a kan sa yatsa ya san harafi kafin a riƙe alƙalami.

3.0 Shekarar Manomi da Zangunan Karatu

Zangon farko, daga Satumba zuwa Disamba, yana faɗawa ne a kan kaka, lokacin da aka riga aka yanke gero, ana cirar gyaɗa da roron wake, dawa kuma tana jiran girbi. Matakin da ya dace da sabon shiga shi ne warewa da daidaita abu da lamba daga ɗaya zuwa goma, kuma kaka tana ba da kayan wannan aiki a wadace. Yara su ware ɓawon gyaɗa daga kwanson wake, su jera totuwar masara daga gajeriya zuwa doguwa, su ajiye tsakuwa ɗaya a kan kowane ɓawo don ganin wane tari ya fi yawa. Ɓawon gyaɗa mai gida biyu ƙofa ce ta ƙirga bibbiyu. A ɓangaren rubutu, wannan zango na horon hannu ne: zana layi tsaye da kwance da da'ira a ƙasa, sannan harafin farko na sunan yaro da wasula biyar.

Zango na biyu yana farawa cikin hunturu, bayan an girbe dawa kara ya wadata. Yaro Bahaushe ya san dami, ya ga ana ɗaure zangarniya ana kaiwa rumbu, wataƙila ma ya ga ana fitar da dami ɗaya cikin goma na zakka. Idan aka yayyanka sillen kara, yara suka ɗaure goma-goma da kaba, goma sha uku ta zama dami ɗaya da sille uku, ashirin kuma dami biyu, ginin da kalmar aro ta ɓoye ya fito sarari. Karan dai shi ne alƙalamin da yaron ke gani a makarantar allo, don haka feƙe shi a yi rubutu a faifan rairayi ba baƙon abu ba ne a wurinsa. Wannan ne lokacin tunkarar harufa masu ƙugiya, kuma karan da ke hannunsa ya isa misali, domin ƙugiya ɗaya ce ta raba kara da ƙara. Wajibi ne malami ya bayyana alkiblar rubutu ƙarara, tun da yaro ɗaya ne ke rubuta allo daga dama da yamma, ya rubuta boko daga hagu da safe.

Bazara da farkon damina su ne rabon zango na uku. Lokacin da mangwaro ya cika kasuwa, ƙwallayensa da aka wanke aka shanya sun isa a kafa 'yar kasuwa a aji, a yi kashi-kashi na uku ko biyar, a saya a sayar, a nan tarawa da ɗebewa ke shigowa cikin magana kafin su shiga alama. Awon rairayi da gwangwani da mudu yana koyar da kwatanta yawa. Da ruwa ya sauka, kowane rukunin yara ya shuka wake a gwangwani, su riƙa auna tsiron da sillen kara duk mako, su ja layi ɗaya a bango duk ranar da aka yi ruwa, a ƙirga layukan ranar Juma'a. Da laka kuma a mulmula harufa da lambobi. A nan rubutu ke samun dalili, domin yaron da ya rubuta sunansa a gwangwaninsa don kada a ɗauke masa shuka ya fahimci amfanin rubutu tun kafin a yi masa bayani. Azumi da Sallah kuwa suna bin watan Musulunci, wanda ke matsowa da kimanin kwana 11 duk shekara, saboda haka ƙirga kwanakin azumi ko mudu huɗu na zakkar fid-da-kai za su shiga duk zangon da suka riska, daidai da matakin da yaran suke.

4.0 Suka da Amsa

Suka mafi nauyi daga binciken kansa ta fito. Lori Petersen da Nicole McNeil sun nuna a 2013 cewa abu mai ɗaukar ido wanda yara suka riga suka sani yana iya rage musu iya ƙirga, domin hankalinsu na tafiya ga abin da aka saba yi da shi. Yaron da aka ba gyaɗa ci zai fara tunani kafin ƙirga. Wannan gaskiya ce, kuma ita ce dalilin da ya sa kayan da aka zayyana a sama kusan duk saura ne marasa ɗaukar ido: ɓawo da totuwa da sille da ƙwallo. Bugu da ƙari, ba a son yaro ya dawwama a kan abin taɓawa. Jerome Bruner ya tsara a 1966 cewa koyo na tafiya daga aikatawa zuwa hoto zuwa alama, kuma bitar da Emily Fyfe da abokanta suka yi a 2014 ta goyi bayan a riƙa janye abin taɓawa sannu a hankali. Saboda haka kowane darasi ya ƙare da hawa uku: misali a ɗaure dami ɗaya da sille uku, a zana shi da layuka a ƙasa, a rubuta 13 a gefensa. Darasin da ya tsaya a hawan farko wasa ne kawai.

Suka ta biyu ta shafi halin ajin: yara sun ninka adadin da manufa ta tanada, malamai da yawa ba su da horon koyar da ƙanana, ga haɗarin haɗiye ƙwaya ko cusa ta a hanci ko kunne. Cunkoso hujja ce da ke ƙarfafa wannan tsari, domin littafin aiki ga kowane yaro ya fi ƙarfin aljihun makaranta da iyaye, kara kuwa kowane yaro zai iya zuwa da nasa, a zaunar da su rukuni-rukuni a inuwa. Haɗarin kuma na gaske ne, maganinsa zaɓe: a fifita manyan ƙwallaye irin na goruba da mangwaro, a haramta 'ya'yan zurma da na bini-da-zugu da idon zakara baki ɗaya saboda gubarsu, kada kuma a taɓa hatsin ci, musamman a lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Horon da malami ke buƙata shi ne sanin jerin matakan, abin da za a iya taƙaitawa a shafi guda ga kowane zango.

Ta uku ita ce ta iyaye, musamman na birni, waɗanda ke auna makaranta da cikar littafi da rera Turanci, suna kuma ganin ɗan Kano ko Kaduna ba ruwansa da gona. Amma kaka da bazara suna shiga birni ta kasuwa, ɗan birni ya san lokacin ɗanyar gyaɗa da gasasshiyar masara da rake da mangwaro. Game da harshe kuwa, gwajin shekara shida da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970 ya nuna cewa yaran da aka koyar da Yarabanci ba su gaza a Turanci ba. Iyaye suna da haƙƙin ganin sakamako, kuma sakamakon da ya kamata a nuna musu a ƙarshen zango shi ne ɗansu ya miƙo abu goma sha huɗu daidai in an nema, ya kuma rubuta sunansa ba tare da kwafa ba.

5.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa abin da bincike ke nema ga ɗan shekara biyar, wato abubuwan ƙirga masu sauyawa, da goma a ɗaure, da yawan rubutu da hannu, duk shekarar manomi tana samar da su kyauta, kuma a jerin da ya dace da zangunan karatu. Lokacin shekara ba ya koyarwa da kansa, malamin da ya san matakin da yaro yake shi ke mayar da kara darasi. Don haka ana kira ga hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohi da kwalejojin ilimi su fitar da jagorar malami cikin Hausa, zango-zango, mai haɗa matakan koyo da kayan lokaci da jerin 'ya'yan itatuwan da aka hana, su kuma sa ta cikin horon duk malamin da za a damƙa wa rabin aji.