Shayin Sin da Cakulan: Ta Ina Suka Biyo Suka Iso Zuba?

Kwanakin baya wani ɗanmu ya shigo majalisa da kwalin cakulan mai tsada, ya ce wai yanzu da shi manya ke shan koren shayin ƙasar Sin. Dattawa suka yi ta dariya. Amma fa in an bi salsala, kayan nan biyu sun daɗe a hannunmu, hanya ce kowanne da tasa.

Koren ganyen ta hamada ya zo mana. A wajen 1854, lokacin yaƙin Kirimiya, hanyar kasuwa ta toshe wa fataken Ingila, sai suka juye shayinsu a tashoshin ruwan Maroko, irin su Tanja. Daga can raƙuma suka ɗauka, Buzaye suka rungume shi, ya biyo ta Agadas ya gangaro ƙasar Hausa. Shi ne ganyen nan da ake murzawa ƙanana kamar ƙwayar gero, akasarinsa daga lardin Zhejiang. Ƙaramar buta, gawayi, sukari, a dafa har sau uku, ba gaggawa.

Shi kuwa koko (na itace muke nufi, ba na ƙosai ba) daga Kudu ya hauro. Iyayenmu masu fataucin goro a Shagamu da Agege sun san gonakinsa tun tuni, sai dai ba su ɗauke shi abin sha ba. A 1965 aka buɗe dogon benen Cocoa House a Ibadan da kuɗinsa, a shekarar kuma aka yi wa kamfanin Cadbury rajista a Nijeriya. Gwangwanin Bournvita ya shiga kowane lungu.

To, ina Zuba a ciki? Bayan Janar Murtala ya ayyana sabon babban birni a 1976, har gwamnati ta tare a 1991, garin Koro da suka karɓe mu hannu biyu ya cika da baƙi, ga shi mahaɗar hanyar Kaduna da Lokoja. Da yawanmu teburin mai shayi na tasha ne masaukinmu na farko, nan ake cigiyar 'yan gari, nan ake barin saƙo. A kan teburin nan ne koko ya shiga kofin baƙin shayi tare da madara, aka samu mai kauri. Koren kuwa bai taɓa yarda da haɗi ba, yana gefe a butar Buzaye.

Mun ɗanɗana na yaron. Gaskiya baƙin cakulan mai ɗaci ya karɓi koren shayi, kuma harshen da ya saba da goro bai ga baƙo ba. Mai madara ne ya kashe ƙamshin ganyen sarai. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne rubutun bayan kwalin: a Turai aka yi shi. Alhali fiye da rabin kokon duniya Kwaddibuwa da Gana ke nomawa, mu ma namu na Ondo yawancinsa ɗanye ake loda shi a jirgin ruwa a Legas.