Daga Gangar Noma Zuwa Wayar Hannu: Wa Ke Shaidar Ƙwazo?

A shekarar 2006 kamfanonin Nike da Apple suka fito da wata 'yar na'ura da ake sakawa cikin takalmi tana ƙirga nisan da mai gudu ya ci. A 2009 manhajar Strava ta bayyana, ta ba mai motsa jiki damar liƙa kilomitocinsa da mintocinsa a shafinsa na intanet. Mutane da dama na ɗaukar wannan a matsayin baƙuwar ɗabi'a, amma tarihin ƙasar Kura da Bunkure ya nuna cewa ƙirga ƙwazo da shelanta shi tsohuwar al'ada ce a wurin Bahaushe. Abin da ya sauya shi ne mai ba da shaida, kuma a nan darajar lissafin take.

Kafin ruwan madatsar Tiga ya iso, noman wannan yanki na damina ne: gero da dawa da gyaɗa. Fagen gwada ƙarfi kuwa gayya ce. Samari su jeru kowa da kunyarsa, makaɗi na biye da gangar noma, wanda ya riga kai ƙarshen kunya a kira sunansa da na ubansa, 'yan mata su rangaɗa guɗa. Tsere ne sosai, yana da mafari da ƙarshe da gwani da rago, kuma sakamakonsa kan kai ƙauyukan maƙwabta ta bakin maroƙa. Da kaka sai a koma ƙirgar dami. A da a ƙasar Maraɗi har bikin dubu ake yi, wanda manomi ba ya samun sarautar noma ta wannan hanya sai ya tara dami dubu a gaban jama'a. Adadi yana nan, shela tana nan, sai dai ba mai aikin ke faɗa da bakinsa ba, domin an ce yabon kai jahilci.

Madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ta kawo wani sabon ma'auni. A Kadawa aka fara gwajin shirin noman rani na Kogin Kano, Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello ta kafa gonar bincike a wurin, daga baya shirin ya koma hannun hukumar kogunan Haɗeja da Jama'are da aka kafa a 1976. Gona ta koma hekta, alkama da shinkafa suka koma buhu, tumatir ya koma kwando. Aikin da ake yi don suna ya koma ƙwadago da jinga, 'yan ci-rani na karɓar ladansu a hannu. Alƙalamin malamin gona ya fi maroƙi daidaito, amma ba ya kai sunan kowa gaba da littafin ofis. Manhajar gudu ta zo ne a ƙarshen wannan tafiya: ta haɗa daidaiton alƙalami da shelar makaɗi, ta damƙa duka biyun a hannun mai aikin.

Wani zai ce ai ɗan dambe da ɗan kokawa da bakinsu suke kirari, don haka yabon kai ba sabon abu ba ne. Gaskiya ne, amma kirari a tsakiyar fage ake yin sa, abokin karawa na tsaye, kuma nan take ake gane ko cika baki ne. Sunan ɗan dambe Shago ma bai game ƙasar Hausa da kirarinsa kaɗai ba, sai da waƙar Ɗan Anace da idon 'yan kallo. Wani kuma zai ce na'ura ta fi maroƙi gaskiya, tunda shi ana ba shi kuɗi ya zuga. Wannan ma akwai ƙamshin gaskiya, musamman tun watan Mayu na 2000 da Amurka ta daina dagula siginar GPS ga farar hula. Sai dai wayar tana shaidar inda ita ta je ne kawai. Wanda ya hau babur da ita a aljihu zai iya wallafa gudun da bai yi ba. Shi ya sa hukumar wasannin guje-guje ta duniya ba ta karɓar bajinta sai a hanyar da aka auna, a gaban alƙalai, kuma ita kanta Strava ta bar wa masu amfani da ita ƙofar ƙalubalantar sakamakon da suke shakka.

Saboda haka matashin Kura da zai yi gudun safe a bakin kanal ya wallafa lissafinsa bai kauce wa al'adar kakanninsa ba, rabinta ya ɗauka. Lissafin zai amfane shi wajen sanin ko yana ci gaba ko baya. Idan kuwa suna yake nema, sharaɗin bai sauya ba tun zamanin gayya: ya nemi abokan gudu da fagen gasa, inda wasu za su gani su faɗa.